Barkono ko Kunkuru

Alhamis, 5 ga Nuwamba, 1992

Yau dai Allah ya yi. Shekara da shekaru ina jin wannan gurnanin a kaset, ina cewa wai ta yaya ake sa jita ta yi kuka kamar za ta tsage, ashe wani ɗan akwatin ƙarfe ne ake haɗawa tsakanin jita da lasifika, a ajiye shi a ƙasa, a taka da ƙafa. Feda ake ce mata, kamar ta keke. Balarabe yana kiranta obadiraf, ni bakina bai ɗauka ba, fedar gurnani nake cewa.

Balarabe shi ne shugaban ƙungiyarmu da ke kiɗa a otal ɗin bakin dam, wajen Bebeji, in ana biki ko hutu. Shi ya kai ni Kano, Sabon Gari, wurin wani mai sayar da kayan kiɗa na hannu. Allon shagon mutumin duk ya koɗe, ni kuwa rubuta allo ne abincina. Muka daidaita: in yi masa sabon allo da hoton jita da ganga, shi kuma ya ba ni feda. Guda ɗaya tak. Amma da yake Balarabe ya tsaya mini, ya yarda in tafi da uku Tudun Wada in gwada, in mayar masa da biyu kafin wata ya ƙare.

A motar dawowa rungume jakar na yi. Kwandasta ya ce in kawo a sa a but, na ce sai dai a sa mu tare.

Juma'a, 6 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci muka kulle kanmu a shagon Surajo mai gyaran rediyo, wanda ke jikin nawa. Duk na sa musu suna don kada in rikice.

Ta farko ja ce, fentinta har ɗaukar ido yake. Wurin takawa wani ɗan maɓallin ƙarfe ne mai tauri kamar kan ƙusa. Da na taka na daki tsirkiya, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mai shayin tsallaken titi ya rugo ya ɗauka wuta ce ta kama. Wannan ita ce Barkono.

Ta biyu baƙa ce, kunnuwan murɗawa har biyar, kowanne ka taɓa sai ta sake hali. Ko ba ka kaɗa komai ba tana ta huci ita kaɗai. Surajo ya ce Injin Niƙa.

Ta uku rawaya ce, ko in ce dā rawaya ce, don fentin ya ɗaye. A matsayina na mai fenti kunya ma ta ba ni. Bayanta faffaɗa ne, murfin gaba ɗaya ake takawa, kuma ko da ɗan yatsa ka danna ta kama, wata 'yar fitila ta kawo ja. In ka kaɗa a hankali muryar jita ta fito fes, in ka daka da ƙarfi sannan ta yi gurnani. Kunkuru ke nan. Ba ta burge ni ba.

Surajo ya ce shi Kunkuru zai ɗauka, wai za ta shiga kowane irin kiɗa, na rawa da na zaune. Na ce masa shi ya sa har yau wandonsa ɗaya ne na sallah da na aiki.

Talata, 10 ga Nuwamba

Balarabe ya biyo a kan babur don ya ji. Na taka masa Barkono na yi masa wani salo da na kwaso a kaset. Ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Zailani, in ka zo da wannan, kai ne a gaba daren sabuwar shekara." Ya ce kuma akwai maganar zuwa Jos, wasa uku, kuma can ba sa son jita mai ladabi.

Ni a gaba. Ni da nake tsayawa can baya kusa da mai ganga ina cas-cas kamar mai tankaɗe. Jos! Yau allon mai kemis na rubuta, sai da na gama na ga na bar harafi ɗaya. Na goge ina dariya ni kaɗai.

Magana ta ƙare, Barkono ce.

Alhamis, 12 ga Nuwamba

Direban motar Doguwa ya tsaya a ƙofar shago, ya ce Inna Kande, matar Baffa, ta ce in zo gida. Na ce jikin Baffa ne? Ya ce a'a, jiki yana nan yadda yake, magana ce.

Asabar, 14 ga Nuwamba

Ƙauye. Kullum na zo sai in ga gidan ya ƙara ƙanƙancewa.

Baffa Mudi yana kan tabarma a zaure. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye da damina, hannun da yake kaɗa garaya da shi yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Magana ma sai kalma ɗaya ko biyu, ita ma a karkace. Shi ya riƙe ni tun da mahaifina, ƙaninsa, ya rasu. Shi ya fara ɗora yatsuna a kan tsirkiya. Da na bar garaya na kama jita ya ce mini tsirkiya biyu ta ishi mai hankali, mai shida surutu ne ya yi masa yawa. Daga ranar bai ƙara tambayata kiɗa ba, ni ma ban ƙara ba shi labari ba.

Da la'asar Sarkin Baka Jibrin ya zo, tsohon karensa Ƙyale-su yana biye da shi. Na durƙusa muka gaisa. Ya ce fitar farauta ta farko Asabar ce, biyar ga watan gobe. Kuma na san al'ada: maharban garinmu ba sa shiga daji sai mai garayar gidanmu ya zauna a kan buzu ya kaɗa musu take, sun miƙe. Tun kakan Baffa haka ake. Bana babu hannu. Ya ce wani mai garaya daga wajen Riruwai ya aiko yana so, kuma buzu in ya bar gida ba ya dawowa.

Na ɗaga kai na dubi garayar Baffa a rataye. Inna ta ga inda idona ya je, ta ce, "Kul." Ai na sani. A gidanmu ba a taɓa garayar mai rai. In ka ɗauka, ka ce masa ya mutu ke nan. Sabuwa kuma ba a haɗa ta a mako uku, ga shi hannuna ya daɗe da komawa na jita.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, in da jita fa?" Ya daɗe yana kallona. Ya ce shi bai san jita ba, kare ya sani. Wai Ƙyale-su ya shekara goma yana jin taken nan, da ya ji ya san fita ta zo. "In ya miƙe, ɗana, mu ma mun miƙe. In ya ci gaba da barcinsa, to ka ga."

Baffa kuwa bango yake kallo.

Lahadi, 15 ga Nuwamba

Wai ni da za ni Jos, yau kare ne zai ba ni maki.

Alhamis, 19 ga Nuwamba

Amma fa abin ya fara yi mini daɗi. Kwana huɗu taken yana kaina, ashe bai je ko'ina ba. Na sassauta tsirkiya biyu na saukar da su zuwa muryar garaya, sauran huɗun na ɗaure su da tsumma don kada su sa baki. Abin da ya rage shi ne kaushin. A kan wuyan garayar Baffa akwai ɗan ƙarfe mai zobba, in ya daka da ƙarfi sai ya yi zir-zir, sauti ya yi ƙura-ƙura. Jita tsurarta ba ta da wannan, ta cika tsabta. Nan ne aikin feda.

Ƙauyenmu ba lantarki. Surajo ya buɗe cikin ƙaramar lasifikata ya yi mata dabara ta koma cin batirin mota. Ya ce in kare ya cije ni kada in ce shi ya aike ni.

Asabar, 21 ga Nuwamba

Gwaji. Na kafa kaya a gindin ɗorawar ƙofar gida. Aka fito da Baffa aka jingina shi da bango. Sarkin Baka ya aiko da Ƙyale-su, ya zo ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, kunnensa guda a yage. Rabin gari ya taru, mata suna leƙe ta kan danga.

Da Barkono na fara, ai ita ce tawa. Na murɗe ta har ƙarshe na taka. Kare ya miƙe kam, amma da gudu, ya shige ƙarƙashin rumbun maƙwabta. Kaji suka watse, wani jaki ya tsinke igiya. Na ce ai ya miƙe. Inna daga cikin gida ta ce, "Miƙewar farauta aka ce, ba ta ceton rai ba." Sai da aka yi masa tayin ƙashi kafin ya fito.

Injin Niƙa kuma abin da ta yi ya fi ban dariya. Ina takawa sai ga muryar mutum a lasifika yana karanta labarai, tiryan-tiryan, har da farashin taki. Ashe rediyo take kamawa. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce akwai mutum a cikin akwatin. Mutane har da faɗuwa. Na saci kallon Baffa, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

Sai Kunkuru, don dai a ce na gwada. Na fara a hankali, na taka, na daka. Jama'a suka yi tsit. Ni kaina na ji wani abu, don sautin ya je kusa da garaya har ya ba ni tsoro. Ƙyale-su ya ɗaga kunnen nan mai lafiya, ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya mayar da haɓarsa. Sau nawa na maimaita, ko a jikinsa.

Da ana mayar da Baffa ciki ya tsaya da idonsa a kan tsumman da na ɗaure tsirkiyoyi da shi. Ya ce, "Biyu." Na ce e, Baffa, biyu. Shi ke nan abin da ya faɗa.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Bari in rubuta kafin in huce.

Da hantsi na sake kafawa, ba taron jama'a, daga ni sai Baffa sai kare. Taken nan kashi biyu ne. Farko sanɗa, a hankali, kamar maharbi yana bin sawu. Sannan ya ɓarke. Ni ina ƙirgawa ne yadda muke yi a otal, in zagaya sau huɗu in taka. Duk lokacin da na taka sai Baffa ya yi tsaki. Na sake, ya yi tsaki. Raina ya fara ɓaci, na ce, "To Baffa yaushe ne?" Ba shi da bakin da zai gaya mini.

Sai na ga yana jan jiki a kan tabarma. Ya miƙo ƙafarsa ta hagu ya ture tawa gefe. Ya ɗora diddige a ƙasa, tafin yana shawagi a kan Kunkuru. Ya yi mini alama da haɓa in fara.

Na fara sanɗa. Huɗu ta wuce, bai taka ba. Na ci gaba. Har na fara jin haushi, na ce ko ya manta ne. Ashe karen yake kallo. Can sai na ga fatar bayan Ƙyale-su ta ɗan girgiza, a daidai nan ƙafar Baffa ta sauka. 'Yar fitila ta kawo ja, jita ta yi gurnani, hannuna ya daka da kansa.

Kare ya miƙe tsaye. Ya miƙe! Ya kafa hanci wajen daji yana kuka ƙasa-ƙasa, wutsiya a sandare. Inna ta fito da ludayi a hannu ba ko mayafi. Ni kuwa ina kaɗawa ina dariya kamar taɓaɓɓe.

Ashe ba ƙirgawa ake yi ba, jira ake yi sai wanda ake wa taken ya cika ya batse. Mun yi har azahar. Baffa ya ci tuwo malmala biyu, Inna ta ce rabon da ya yi haka tun kafin ciwon.

Alhamis, 26 ga Nuwamba

Na rufe shago na dawo ƙauye, don wata dabara ta hana ni sukuni. Na ce laifina ne ranar Asabar da na murɗe Barkono har ƙarshe. Yau na sauke kunnen gurnaninta ƙasa sosai, na rage kaifin. Na yi sanɗa, na zuba wa kare ido yadda na ga Baffa ya yi, da fatar bayansa ta motsa na taka da kaina.

Ya miƙe. Da Barkono. Na yi tsalle har waya ta cire. Faɗuwa ta zo daidai da zama: buzu ya zauna a gida, ni kuma in tafi Jos da jar fedata. Na sake sau biyu, duk ya tashi. Sautin bai kai na Kunkuru taushi a wurin sanɗa ba, amma alƙali ya yarda, ni wa?

Cikin murna na tura ta gaban Baffa na ce ya taka mu ji. Ya ɗora ƙafa. Maɓallin nan sai an ba shi nauyin jiki, shi kuwa a zaune yake, rabin jiki ba ya amsawa. Ya danna, ba ta kama ba. Ya sake da babban yatsa, ƙafar ta zame. Na uku ya sa diddige ya cije leɓe, har jijiyar wuyansa ta fito. Shiru. Da ya ɗaga na ga shatin ƙarfen a tafin ƙafarsa.

Na ce ba komai Baffa, ai na iya yanzu, ni zan riƙa takawa.

Ya janye ƙafar ya rufe ta da bakin riga. Ya ce, "Ciki." Muka kai shi.

Juma'a, 27 ga Nuwamba

Bai fito ba yau. Inna ta ce kunu kawai ya kurɓa. Na yi gwaji ni kaɗai, kare ya miƙe sau uku. Komai yana tafiya daidai. Ban san abin da ya sa nake jin kamar na ci bashin wani abu ba.

Litinin, 30 ga Nuwamba

Kano. Na kafa wa mutumin allonsa, ya yi ta zagaya shi yana yabawa, har maƙwabcinsa ya ce shi ma yana so. Sannan ya ce to wacce?

Injin Niƙa na fara ajiyewa a kan teburin, ba gardama. Saura biyu a jaka. Tun daga Kwanar Dangora nake gaya wa kaina Barkono, Barkono. Na sa hannu na fito da ita, na shafa fentin nan, na ajiye kusa da baƙar. Na zuge jakata. Ya ce, "Wannan tsohuwar za ka ɗauka?" Har ya yi mini tayin in sake tunani. Na fita da sauri kafin in ji maganarsa.

Ai dalilai suna da yawa. Kunkuru tana bin hannu, ka yi taushi ta yi taushi, ka yi zafi ta yi zafi. Za ta yi kiɗan otal, ta yi na biki, ta yi take. Barkono abu ɗaya ta iya, ihu. Kuma na lura tana shan batir. Duk mai hankali abin da zai zaɓa ke nan, Surajo ma ya faɗa tun farko.

Na biya ta wurin Balarabe na gaya masa. Ya dube ni kamar na ce na sayar da babur na sayi jaki. Ya ce zancen gaba da na Jos sai ya yi shawara, akwai wani yaro a Zariya mai irin jar. Na ce Allah ya ba mai rabo. Na hau mota na koma Tudun Wada.

Juma'a, 4 ga Disamba

Saura ƙiris in kashe kaina da kaina. Na iso ƙauye da Surajo, na taka Kunkuru, fitila ba ta kawo ba. Ashe in ka bar waya a jikinta tana ta cin batir ko ba a kiɗa, ni kuwa tun Talata na bar ta a soke. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu ko a Doguwa babu shi, sai Kano. Na zauna a ƙasa na dafe kai.

Surajo ya zage ni son ransa, sannan ya aika aka sayo batirin tocila shida a teburin mai kanti. Ya yanko gora, ya jera su a ciki, ya toshe da tsumma, ya ja waya biyu. Fitila ta kawo. Na rungume shi, ya ce in sake shi ina warin fenti.

Na kai Kunkuru zaure na ajiye a bakin tabarmar Baffa, wajen ƙafarsa ta hagu. Na ce jar na mayar wa mai ita. Ya dubi fedar, ya dube ni. Sai ya ce wa Inna ta fito masa da rigarsa ta saƙi.

Asabar, 5 ga Disamba

Rana ta ɗan ɗago muka fita bakin gari. A amalanken shanu aka ɗauki Baffa da lasifika da batirin mota. Maharba sun fi arba'in, zaune a ƙasa da baka da adaka da karnuka, riguna duk layu. Da suka ga gorar batir da wayoyi sai gunaguni ya tashi, wani ya ce yau allura za a yi mana ko farauta. Mutumin Riruwai yana gefe da garayarsa a naɗe cikin zane, dattijo mai kamala, yana jira kawai.

Aka shimfiɗa buzu. Sarkin Baka ya nuna mini shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai shi yana nan." Muka zaunar da Baffa a kai, na ajiye masa Kunkuru, ni na zauna a ƙasa daga damansa, wajen hannun da ba ya motsi.

Na fara sanɗa. Ƙyale-su yana kwance gaban ubangidansa kamar mushe. Na zagaya, na zagaya. Fatar bayansa ta girgiza, na gani da idona, na ce yanzu. Baffa bai taka ba. Ƙafata har ta ɗaga da kanta za ta kai wa fedar, na danne ta da ƙyar. Wani ya yi tari. Na ji ana cewa abin ya ƙi. Gumi yana shiga mini ido, yatsuna sun fara zafi, ina ta sanɗa kamar ba za a ƙare ba.

Na saci kallon Baffa. Yau ba kare yake kallo ba, Sarkin Baka yake kallo. Tsohon ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa sun fara hawa da sauka, hannunsa yana lalubar baka a ƙasa. Sai da yatsunsa suka kama bakan sannan ƙafar Baffa ta sauka.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Jita ta yi ruri, na daka da duk ƙarfina. Kare da ubangidansa tare suka miƙe, ban san wanda ya riga ba. Sarkin Baka ya ɗaga baka sama ya fasa kirari da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Maharba suka tashi gaba ɗaya, karnuka suka ɗauka, aka saki adaka biyu. Baffa ya ɗaga ƙafa sauti ya kwanta, ya sake takawa ya tashi, yana juya mutum arba'in da tafin ƙafa ɗaya. Ni bin sa kawai nake yi. Hawaye yana zuba ta idonsa na ɓarin da ya shanye, shi bai ma sani ba.

Da suka shige daji mutumin Riruwai ya zo ya durƙusa ya gaishe da Baffa. Ya ce, "Malam Mudi, ashe da sauranka." Ya ɗauki garayarsa bai ko kwance ta ba.

Da yamma suka dawo da gada biyu da zomaye. Cinyar naman farko ta mai garaya ce, haka ake yi. Mai rabon nama ya tsaya da ita a hannu yana duban ni yana duban Baffa. Sarkin Baka ya karɓa ya ajiye ta a kan ganye, gaban ƙafar hagun Baffa. Baffa ya sa ƙafar ya turo ganyen har ya zo tsakaninmu. Ya ce, "Raba."

Lahadi, 13 ga Disamba

Jiya mun yi wasa a otal. Yaron Zariya ya zo da jarsa, shi ne a gaba, kuma gaskiya ya iya. Ni ina baya kusa da mai ganga. Na ɗauka abin zai ci ni, sai na tarar ina ta kallon kafaɗun masu rawa.

Balarabe ya ce ina fedar da na yi wa wannan wahala. Na ce na baro ta a ƙauye, jakata ce ta cika.

Direban Doguwa ya ce Inna ta ce a gaya mini tana nan a bakin tabarma, ƙarƙashin inda garaya take rataye, wai Baffa yana yini yana takawa yana kallon 'yar fitilar, ya hana kowa matsar da ita ko don shara. Fitilar ba ta kawowa sai da waya a jiki, shi ya sa na bar masa guntuwa a soke. Batirin tocila kuwa ba ya jure wannan, mako guda ya yi sanyi.

Dole ranar Juma'a in kai wasu. Tunda zan je, sai in tafi da jitar, ba don komai ba.